Tuƙa da Rababben Kofato

Karatu: Littafin Firistoci 11:1-12, Yakubu 1:22-25

Na san wannan sura tana cikin waɗanda muke tsallakewa a karatunmu na safe. Yau kada ka tsallake ta.

A makaranta ana koya wa 'ya'yanmu cewa siffar jiki ce ke nuna dangin kowace dabba. Akwai masu ƙashin baya, akwai marasa shi kamar fara da tana. Cikin masu ƙashin baya, tsuntsu ana gane shi da gashin fiffikensa, akuya da irinta kuwa da shayar da nono. Shi ya sa masana suka sa jemage a dangin akuya, ba na kaza ba: yana tashi sama, amma haihuwa yake yi ya shayar. Tun kafin waɗannan makarantu, Ubangiji ya koya wa Isra'ilawa ta bakin Musa su dubi jikin dabba kafin su kai ta tukunya.

Na cikin ruwa sai suna da ƙege da ɓawo. Karfasa ta wuce ke nan, tarwaɗa mai santsin jiki ta faɗi. Na tudu kuma alama biyu ake nema tare: dabbar ta zama tana tuƙa, kofatonta kuma a rabe. Saniya, tunkiya, akuya da barewa duk sun cika. Raƙumi yana tuƙa, amma ba shi da rababben kofato, a kan tattausan tafi yake takawa. Alade kofatonsa a rabe yake sarai, sai dai ba ya tuƙa. Kowannensu yana da rabi, rabin kuwa bai ishe shi ba.

Kada ka je ka zubar da miyar tarwaɗarka. A Markus 7 Yesu ya nuna ba abin da ke shiga ciki ne ke ƙazantar da mutum ba, wahayin Bitrus a Ayyukan Manzanni 10 kuma ka san shi. Ba ka ƙarƙashin dokar abinci. Amma alamun nan biyu har yanzu suna da abin da za su gaya maka.

Ka taɓa zama ka kalli saniya da yamma bayan an dawo kiwo? Tana kwance, ba ciyawa a gabanta, amma baki na motsi. Cikinta ɗaki huɗu ne. Abin da ta haɗiye da gaggawa a daji, shi take dawowa da shi baki ta sake taunawa a hankali, sai ya yi laushi ya wuce ya zama nono da nama. Haka Maganar Allah take so a yi da ita. Da yawanmu ran Lahadi muna haɗiyar wa'azi da ihu da "Amin", mu yi rawa, mu faɗi ƙarƙashin shafewa, amma kafin Talata ko ayar da aka karanta ba mu tuna ba. Zabura ta 1 da Joshuwa 1:8 duk suna magana a kan mutumin da ke juya Maganar a zuciya dare da rana. Tuƙa ke nan. Ba wanda ke ganinta sai Allah.

Kofato kuwa kowa na ganin sawunsa. Yadda kake auna mudu a kasuwa, bashin da ka ci ka yi shiru, abin da kake kallo a waya bayan iyali sun yi barci, nan ake sanin ko tafiyarka a rabe take da ta duniya.

Ni kaina na yi zaman raƙumi. Na fito daga makarantar tauhidi da ayoyi cike da baki, ina wa'azin gafara a taron farkawa, alhali kusan shekara biyu ba na gaisawa da ƙanena saboda gonar gado. Wata tsohuwa a ikkilisiyarmu ce ta tare ni bayan sujada ta ce, "Mai bishara, yaushe za ka je ka yi wa ƙanenka wa'azin nan da ƙafarka?" Ban yi barci ba daren nan. Washegari na hau mashin na tafi ƙauye.

Na kuma ga masu rababben kofato ba tuƙa: ba giya, ba rigima, zakkarsu ba ta makara, amma Littafi Mai Tsarki ya yi ƙura a kan tebur. Ran da ciwo ko rashin aiki ya buga ƙofa, ba abin da za su dawo da shi baki su tauna, sai ka ji sun lallaɓa wurin boka.

Wanne ne ya yi maka ƙaranci? Kada ka amsa da sauri. Ɗauki aya ɗaya daga karatun yau ka riƙe ta har dare. In kuma Ruhu Mai Tsarki ya kawo maka sunan wani a zuciya yanzu, ka neme shi kafin rana ta faɗi.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni yunwar Maganarka da haƙurin tauna ta. Ka nuna mini inda sawuna ya karkace, ka kuma ba ni ƙarfin zuwa in gyara. A cikin sunan Yesu, Amin.