Kango Ba Shi Ne Mai Gida Ba

A cikin teku akwai wata halitta mai ƙwaya ɗaya, yawanci ba ta fi kaurin silin gashi ba, tana iyo da wasu bulalai biyu. Masana na kiran ta dinofilajelet. Wasu irinta kan shige cikin wani ƙwanso mai tauri, su nutse ƙasan teku su yi dogon barci. Idan lokaci ya yi, halittar ta fasa ƙofa ta fice, ƙwanson kuma ya zauna cikin laka har lakar ta zama dutse. Akwai waɗanda suka haura shekara miliyan 200 a haka.

Mai bincike yakan narkar da dutsen da asid, ya sa abin da ya rage a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Sai ya duba siffar ƙwanson, da tsawon ƙayoyinsa, da yanayin ƙofar da mai gidan ta fita. Da waɗannan yake raɗa masa suna, da sunan kuma ake gane shekarun dutse, har masu haƙar mai su san inda suka dosa.

Abin da ke damuna shi ne, wanda bai taɓa ganin mai gida ba, har ina yake da ikon yanke masa hukunci daga kangon da ya bari?

A 1836 wani Bajamushe, Christian Ehrenberg, ya ga waɗannan ƙwansuna a cikin dutsen ƙyastu. Masu ƙayar cikinsu ya ɗauke su wani nau'in gansakuka ne na ruwan daɗi, don sun yi kama. Sai a 1961 William Evitt na Amurka ya nuna cewa da yawansu gidajen dinofilajelet ne. Shekara 125 ke nan. Kama da wane ba ta wane.

Ba da jimawa ba David Wall da Barrie Dale suka ɗebo ƙwansuna masu rai daga lakar teku suka ƙyanƙyashe su. Daga wanda ake kira Spiniferites sai ga Gonyaulax ta fito, halittar da aka daɗe da sani. Abu ɗaya, suna biyu: na masu nazarin dutse daban, na masu nazarin ruwa daban. An kuma gano cewa ƙayoyin wani nau'i, Lingulodinium, kan gajarce idan gishirin ruwa ya ragu. Ashe wani abin da muke ɗauka hali ne, tabon ruwan da aka tashi a ciki ne.

Mu ma da ƙwanso muke aiki kullum. Hoto ɗaya a waya, bidiyon daƙiƙa talatin, lafazin mutum ko tsagar fuskarsa, shi ke nan an gama shari'a. An fasa aure a kan haka, an kori ɗan haya, an ɓata sunan mamacin da ba ya nan balle ya kare kansa.

Wani zai ce to sai mu daina hukunci ke nan? A'a. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma da alama muke zaɓen abokin ciniki da mijin 'yarmu. Masanan ma ba su jefar da madubi ba saboda kuren Ehrenberg. Abin da suka yi ya fi haka wuya. A 1963 Evitt ya ware ƙwansunan da ba a gane asalinsu ba, ya ba su sunan akiritak, wato wanda asalinsa bai tabbata ba. Ana siffanta su, ana amfani da su, ba tare da an liƙa musu dangin ƙarya ba. Ranar da hujja ta zo a fitar da su.

Irin wannan rukunin ne babu a zukatan yawancinmu. Muna da na mutanen kirki, muna da na mugaye, amma "ban san shi ba tukuna" nauyi take yi mana a baki. Gobe idan aka turo maka hoton wani da labarin laifinsa, kafin yatsanka ya tura gaba, ka tambayi kanka: mutumin na gani, ko ƙofar da ya fita?