Wa Zai Ɗauki Alhakin Na'ura?

Tun zamanin da, babban aikin mayaƙi shi ne ya hango abokin gaba kafin a hango shi. Haka kuwa abin yake a sararin sama. Idan jiragen yaƙi biyu suka gamu, kowane matuƙi ƙoƙari yake ya zagayo ta bayan wancan, ya bi shi sau da ƙafa, har ya sami damar harbi. To, yanzu masana sun koya wa kwamfuta wannan aiki, ta hanyar dabarar nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira.

Ga yadda ake koya mata. Akan shirya yaƙin kwaikwayo cikin kwamfuta, watau sama da ƙasa da jirage duk hoto ne, ba mai mutuwa. Sa'an nan a saki na'urar ta yi ta karawa da 'yar'uwarta. In ta sami bayan abokiyar gaba sai a ba ta maki, in ta faɗo ko an harbe ta sai a rage. Da fari takan yi ta faɗuwa kamar yaro mai tatata, amma da yake ba ta gajiya, ba ta barci, sai ta maimaita sau miliyoyi har ta gwanance.

A watan Agusta na 2020 wata hukumar bincike ta sojan Amurka, DARPA, ta shirya gasar irin wannan yaƙi tsakanin ƙungiyoyi 8. Na'urar kamfanin Heron Systems ta kada sauran, kana aka haɗa ta da wani gwanin matuƙin jirgin F-16. Suka kara sau 5, duk ta cinye. Abin lura shi ne takan tunkaro shi gaba da gaba tana harbi, alhali dokar horon matuƙa ta hana haka, don gudun karo. A 2023 kuma aka sa irin wannan na'ura ta tuƙa jirgi na gaske, X-62A, a sansanin Edwards da ke Kalifoniya, ta kara da F-16, amma da matuƙa a ciki don tsaro.

Shin za a kira na'urar nan jaruma? Jarumi shi ne wanda ya san zafin mutuwa, duk da haka ya tsaya. Ita kuwa ba ta da ran da za ta rasa, saboda haka ba ta san darajar ran wani ba. Maki kaɗai ta sani. Misalinta kamar karen farauta ne: ya fi ubangijinsa hanci da gudu, amma bai san bambancin barewa da akuyar maƙwabci ba. In ya yi ɓarna, ubangijinsa ake kira gaban alƙali. To, ran da na'ura ta ɗauki jirgin fasinja a kan na yaƙi, wa za a kira? Wanda ya ƙera ta, ko wanda ya horar da ita, ko hafsan da ya sake ta? Alhakin da aka raba wa mutum ɗari yakan zama ba na kowa ba.

Akwai abin koyi a tarihi. Ran 26 ga Satumba, 1983, na'urorin tsaro na Tarayyar Sobiyet suka nuna wai Amurka ta harbo makamai masu linzami 5. Hafsan da ke tsaro a daren, Stanislav Petrov, ya auna maganar da hankalinsa, ya ce kuskure ne. Ashe hasken rana ne bisa gajimare ya ruɗi na'urorin. Shakkar mutum guda ta taimaka wajen kau da babban bala'i.

Ba laifi ba ne na'ura ta zama ido, ta nemo, ta bi sawu, ta faɗakar. Amma hukuncin ɗauke rai ya kamata ya zauna a hannun mutumin da aka san sunansa, wanda zai iya cewa a dakata, za a kuma iya tuhumarsa. A watan Disamba na 2023 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri na farko a kan makamai masu sarrafa kansu, ƙasashe 152 suka goyi baya. Lalle gara a kafa doka tun abin yana fagen gwaji, gama ba a fafe gora ranar tafiya.