Maki Ya Yi Tsalle, Sai An Yi Bayani?

A ce ɗalibi daga Pantami ya ci 190 a jarrabawar JAMB bara, bana kuma ya tashi da 270 cikin 400, yana neman gurbin karatun lauya a Jami'ar Jihar Gombe. Kafin a gama yi masa barka, wani a majalisa ya riga ya ce, "Anya kuwa?"

Zaton yana da tushe. A 2023 wata ɗaliba a jihar Anambra ta yi iƙirarin cin 362, JAMB ta ce 249 ta samu, daga baya ta amsa laifinta. Sai dai hukumar ma takan yi tuntuɓe: a 2025 shugabanta, Farfesa Ishaq Oloyede, ya nemi afuwa cikin hawaye bayan matsalar na'ura ta sa kusan ɗalibai dubu 380 sake zaman jarrabawar.

A Amurka, inda makin LSAT, jarrabawar shiga karatun lauya, ke tsakanin 120 da 180, makarantun lauya suna ganin sakamakon baya, kuma mai nema kan haɗa da 'yar takardar bayanin tsallen makinsa. A Najeriya kuwa sakamakon JAMB na shekara guda ne, na bara ya wuce. Masu tambayar su ne kawu, maƙwabci da abokan karatu.

Addini ya taɓo lamarin ta fuska biyu. Suratul Hujurati ta gargaɗi muminai kan yawan zato, kuma a fiƙihu mai tuhuma ne ke kawo hujja. Amma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) yana raka matarsa Safiyya da dare, a lokacin i'itikafi, sai wasu Ansaru biyu suka gifta, ya tsayar da su ya shaida musu ko wace ce. Ba su tambaya ba. Ya toshe ƙofar zato ne da gajeriyar magana, bai yi musu lacca ba.

Wannan ma'aunin ya ishi ɗalibin. Idan zazzaɓi ne ya kayar da shi bara, ko kwamfutar cibiya ta tsaya, ya faɗa a taƙaice ga mai haƙƙin ji, kamar jami'in tantancewa. Idan kuwa karatu kawai ya ƙara, doguwar kare kai tana haifar da zargin da babu shi, tana kuma iya zarcewa riya. Wanda ke shakka ya nemi ɗalibin ya nuna masa takardar sakamako ta asali ta JAMB, tana ɗauke da hoton mai ita.