Gwiwar da ta ƙi lanƙwasa a sahun wazifa

 

Ya ku ƴan'uwa, muna gani a zawiyoyinmu: dattijo gwiwarsa ta kumbura, ko saurayi ya faɗo daga kabu-kabu ya yi targaɗe a idon sawu, amma ya durƙusa yana cije leɓe don kada a ce himmarsa ta yi sanyi. Wannan jin kunyar halitta ne, kuma shi ne ciwon da tarbiyya ta zo ta cire daga zuciyar muridi.

Shugaba (SAW) da kansa ya faɗo daga kan doki, gefensa na dama ya ƙuje, ya yi salla a zaune. Anas ne ya ruwaito, yana cikin Buhari da Muslim. To wa ya fi shi himma? Malamanmu na Malikiyya sun shimfiɗa hukuncin: wanda zai iya tsayuwa amma sujada ta gagare shi, ya tsaya ya yi karatu, sannan ya zauna ya yi nuni. Wanda aka ɗaure wa ƙafa, ya wanke sauran gaɓoɓi ya shafi ɗaurin, alwalarsa ta inganta, ya karanta Jauharatul Kamali tare da jama'a. In lalura ta kai shi ga taimama, Salatul Fatihi 20 ta tsaya a madadinta. Wazifa kuwa, miƙe ƙafarka ka yi abinka.

Sai maganar magani. Targaɗe yakan lafa da hutu da sanyaya wurin da ɗaga ƙafa. Amma wanda ya kasa yin taku huɗu, a ɗauki hoton ƙashin kafin a kai shi wajen maɗori. Tsohon da ya zame a makewayi ya kasa tashi, aka ga ƙafarsa ɗaya ta gajarta ta juya waje, galibi ƙashin ƙugu ne ya karye. Wannan aikin likitan ƙashi ne, a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, kuma jinkiri yana jawo gyambon kwanciya da daskarewar jini. A tofa masa addu'a a cikin motar.

Ɗaurin da ya matse har yatsu suka yi sanyi, suka mutu, ko suka fara baƙi, a kwance shi nan take a nufi asibiti, ko da tsakar dare ne.