Mu Dubi Ayoyin Allah, Mu Kuma Rubuta Abin Da Muka Gani

Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Yake jujjuya dare da rana, Yake rayar da ƙasa bayan ta bushe. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. 

A wannan mako za mu yi magana a kan wata ibada wadda ba ta bukatar alwala, ba ta kuma da ƙayyadadden lokaci, amma duk da sauƙinta yawancinmu mun yi sakaci da ita, watau tafakkuri cikin halittar Allah. Shawarar da nake so in bai wa kowane magidanci, musamman ma mu mutanen karkara, ita ce ya nemi ɗan littafi ya keɓe shi domin rubuta abin da idonsa ya gani na ruwan sama, da iska, da itatuwa, da tsuntsaye, da amfanin gona, kowane abu da kwanan watansa.

Duk wanda ya sauke Alƙur'ani ya san surori da yawa an sa musu sunan abin da muke gani a gona da daji da sararin sama. Akwai surar saniya, da ta ƙudan zuma, da ta tururuwa, da ta gizo-gizo, da ta tsawa, da ta tauraro, da ta wata, da ta rana. A cikin Suratul Gashiya Allah Ya jawo hankalin mutane ga raƙumi, da sama, da duwatsu, da ƙasa, watau abubuwan da Balaraben sahara yake tare da su kullum har ya daina lura da su. A ƙarshen Suratu Yusuf kuma, aya ta 105, an zargi masu wuce ayoyin sama da ƙasa suna kau da kai. Ibnu Hibban ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa a daren da aka saukar da ayoyin ƙarshen Suratu Ali Imrana, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi ta kuka a cikin salla har Bilalu ya zo kiransa sallar asuba, ya kuma yi kashedi mai tsanani ga wanda zai karanta ayoyin nan bai yi tunani a kansu ba.

To, ina rubutu ya shigo cikin wannan magana? Ɗan Adam mai mantuwa ne. A tara manoma biyar a bakin kasuwar Ɗambatta a tambaye su ranar da aka yi ruwan shuka shekara uku da suka wuce, da wuya biyu su faɗi rana ɗaya. Wani zai ce da azumi ne, alhali kuwa azumi ba ya tsayawa wuri ɗaya, domin shekarar wata ta kasa ta rana da kamar kwana 11. Dattawanmu suna da sani mai yawa game da ƙasar nan, sun san wace iska ce ke kawo hadari, sun san wace ciyawa ce ke nuna gona ta gaji, amma duk a ka yake, ran da aka kai ɗayansu makwancinsa an tafi da nasa rabon ke nan. Allah da Ya yi umarni a rubuta bashi a cikin aya mafi tsawo ta Alƙur'ani, Ya nuna mana cewa rubutu shi ne ke kau da shakka da gardama.

Wataƙila wani ya ce ai wannan ɗabi'ar Turawa ce. Amsa ita ce Musulmi sun daɗe da yin haka. Jahiz, mutumin Basra, wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, ya wallafa Kitabul Hayawan, inda ya tattara abin da ya ji da abin da ya gani da idonsa na halayen dabbobi da tsuntsaye da ƙwari. Abu Hanifa Dinawari, na ƙarni ɗaya da shi, ya wallafa Kitabun Nabat a kan tsirrai. Ibnul Baiɗar, mutumin Andalus wanda ya rasu a Dimashƙa cikin 1248, ya yi yawo ƙasa ƙasa yana duba tsirrai, ya bar littafi mai bayanin magunguna da abinci wajen 1,400. A Masar kuwa, a zamanin Halifa Mutawakkil, cikin shekara ta 861, aka gina ma'aunin Kogin Nilu a tsibirin Rauda, ana duba iyakar cikar kogin kowace shekara ana rubutawa, da shi hukuma take sanin ko shekara ta yalwa ce ko ta ƙunci. A nan Kano an fara rubuta yawan ruwan sama tun 1905, kuma da wannan lissafi ne masana suka tabbatar da cewa ruwa ya ragu ƙwarai daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar shekarun 1980. Sai dai ma'aunin Kano ba ya faɗin abin da ya sauka a Ajumawa ko Sansan. Kowa ya san akan yi ruwa a Makoɗa har kwata ta kawo, a Fagwalawa ko yayyafi ba a samu ba. Don haka kowane gari yana bukatar nasa marubucin.

Abin da za a rubuta ba shi da wuya. A sa kwanan watan Musulunci da na Bature a jere, sa'an nan a faɗi abin da aka gani a taƙaice. Ranar da iska ta juya cikin bazara. Ranar da aka fara ganin shamuwa tana ɗiban kara zuwa kan tsamiya, da ranar da ta tafi. Ranar da shinge ya tashi. Ranar ruwan farko, da ko ya isa shuka, da yawan kwanakin da aka yi kafin na biyu. Wanda ya sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki ya ajiye shi a fili nesa da itace da indararo, in gari ya waye ya tsoma tsinke ya auna da rula, ya sami ma'aunin ruwa na kansa. A rubuta ranar da gero ya fid da kai, da ranar da aka ga tsutsa ko fara ko jan baki, da gonar da wuta-wuta ta yi yawa a cikinta. In kaka ta yi a rubuta yawan dammunan da aka ɗaure, wannan kuma zai taimaka wajen fid da zakka daidai, ɗaya cikin goma ga hatsin da ruwan sama ya shayar idan ya kai nisabi.

Mai yin haka zai ga abin mamaki a ƙofar gidansa. Dubi gawo. Sa'ad da sauran itatuwa suke tofo da damina shi sai ya kakkaɓe ganyensa, ya bar rana ta sauka a kan geron da ke ƙarƙashinsa. In rani ya yi, ciyawa ta ƙare, sai ya yi kore shar, ya zubo wa awaki 'ya'yansa, dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar taki a wurin. Wane ne ya tsara masa wannan sabanin lokaci wanda ya dace da bukatar manomi da makiyayi? Haka shamuwa, wadda take barinmu a ƙarshen damina ta nufi gabashi da kudancin Afirka, ta komo kafin ruwanmu ya sauka, ba ta da ja-gora sai Wanda Ya halicce ta. Wanda ya rubuta ranar zuwanta shekara goma a jere, imaninsa da ƙudurar Allah ya wuce na ji kawai, gani kuwa ya kori ji.

A nan tilas ne mu yi wani gargaɗi game da taurari. Malaman ƙasar Hausa sun daɗe suna lissafin manzilolin nan 28, kowace tana da kwana 13 ban da Jabha mai 14, jimla 365. Sun ba kowane yanayi bakwai, na damina su ne Haƙ'a, da Han'a, da Zira'a, da Nasara, da Ɗarfa, da Jabha, da Harsan. Yin amfani da wannan lissafi domin sanin lokaci ba laifi, aya ta 5 a Suratu Yunus ta bayyana cewa an sanya wa wata masaukai domin sanin ƙidayar shekaru da lissafi. Abin da aka hana shi ne jingina ruwa ga tauraro. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hadisin Zaidu ɗan Khalid, cewa an yi ruwa da dare a Hudaibiyya, da aka idar da sallar asuba Manzon Allah ya sanar da sahabbai cewa mutane sun wayi gari kashi biyu: wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah da rahamarsa shi ne mai imani, wanda ya jingina shi ga tauraro ya kafirce wa Allah. Littafin da muke magana a kansa magani ne ga wannan ɓata, domin mai rubutu zai ga tauraro ɗaya ya shigo a kwanakinsa bana an sha ruwa, baɗi ya shigo a kwanakin nan ƙasa tana ƙuna. Tauraro agogo ne, agogo kuwa ba ya kawo abin da ake jira.

Har ila yau lura da rana tana da amfani ga salla. Littattafan fiƙihunmu da inuwa suka ƙayyade Azahar da La'asar: Azahar tana shiga in rana ta gusa daga tsakiya, La'asar kuwa in inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an ƙara inuwar zawali. Ita inuwar zawalin ba ɗaya take ba duk shekara. A ƙasar Ɗambatta rana takan tsaya daidai bisa kai sau biyu, wajen 22 ga Afrilu da wajen 20 ga Agusta, a ranakun nan sandar da aka kafa tsaye kusan ba ta da inuwa da tsakar rana. Tsakanin waɗannan ranaku inuwa kudu take karkata, sauran shekara kuwa arewa, har ta kai iyakar tsawonta wajen 21 ga Disamba, inda takan kai kimanin taki biyar in an ɗauki tsayin mutum taki bakwai. Ladanin da ya kafa sanda a harabar masallaci yana rubuta wannan, ya san abin da yake yi ko agogo ya tsaya.

Mu komo kan abinci, inda sakaci ya fi ciwo. Ƙasarmu ƙasa ce mai yawan jama'a, gona tana jikin gona, ba daji da za a sara, ba kuma halin a bar gona ta huta. Magidancin da ya zuba irinsa duka a ruwan farko, aka yi kwana ashirin ba a ƙara ba, ya yi asarar iri da taki da wahala, wani lokaci sai ya ci bashi kafin ya sake shuka. Kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba a 1914. Dattawan yau sun ga farin 1973 da na 1984, sun ga yadda cuta ta cinye gyaɗa a 1975, sun kuma ga ruwan Agustan 1988 wanda ya fasa madatsar Bagauda. Shekaru ba su zuwa iri ɗaya, kuma wanda yake da lissafin shekara goma ko ashirin a hannu ya fi sanin sau nawa ruwan farko ya yaudari mutane a garinsu, da wane iri ne ya nuna a shekarar da damina ta gajarta. Idan Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa ta fid da hasashenta na shekara, ko malamin gona ya kawo sabon iri, yana da abin da zai gwada maganarsu da shi. Annabi Yusufu, alaihis salamu, bai tsaya ga fassara mafarkin sarki ba, sai da ya ƙidaya shekaru, ya ce a bar hatsi cikin zangarniyarsa a ajiye domin shekarun tsanani. Dabarar nan ita ce ta rumbunmu har gobe.

Kada kuma wani ya ce ruwa na Allah ne, me rubutu zai ƙara? Gaskiya ne ba mai saukar da ruwa sai Shi, ba kuma wanda ya san gobe sai Shi. Amma Tirmizi ya ruwaito cewa da wani mutum ya tambaya ko ya saki taguwarsa ya dogara ga Allah, Manzon Allah ya umarce shi da ya ɗaure ta sa'an nan ya dogara. Riƙon sababi ba ya rushe tawakkali.

Sharaɗin wannan aiki ɗaya ne, watau gaskiya. Abin da ka gani ka ce ka gani, abin da aka gaya maka ka ce an gaya maka, ran da ba ka duba ba ka bar wurin fili. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya sa ɗansa ya rubuta masa. Mata ma suna da nasu rabo, su ne suka san lokacin da zogale da kuka suke tofo, da watan da cuta take kama kaji, da sa'ad da ruwan rijiya yake ja baya. Malaman Islamiyya kuwa, da za su keɓe wa ɗalibai shafi ɗaya a mako domin wannan, da sun koya musu tauhidi da rubutu da gaskiya a darasi guda. Mai littafi ya riƙa buɗe kowace shekara da ambaton Allah, ya rufe ta da godiya, ko ta zo da yalwa ko ta zo da ƙaranci, domin abin nufi shi ne a san Mahalicci ta wurin aikinsa.

Allah Ya buɗe idanunmu ga ayoyinsa, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyashe mu daga gafala, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.