Ganga a Shagon Walda

Ina gabatar da wani shiri duk daren Asabar a wani gidan rediyo mai zaman kansa a Maraɗi, inda nake yawo da masu sauraro ƙasa-ƙasa mu ji abin da mutanen duniya ke kaɗawa. Wannan mako mu leƙa Mali, mako mai zuwa Masar ko Habasha. Shiri ne da ba ya tayar da ƙura. Sai wata Asabar na sa waƙar da ake kira Tadka, daga sabon faifan wasu samarin Indiya masu suna Bloodywood. Sunan faifan Nu Delhi, ya fito ranar 21 ga Maris 2025. Waƙar ko minti biyu ba ta yi ba, wayar ɗakin shiri ta ɗauki ƙara.

Na gane muryar tun daga sallama. Wani dattijo ne, tsohon tela, wanda kusan kowane mako sai ya kira. Yana cikin mutanen da suka kalli finafinan Indiya tun zamanin da ake layin shiga silima.

"Ɗana, ka ce Indiya za ka kai mu."

"Ai Indiya ce, Baba."

"A'a. Ni na san Indiya. Na san muryar Lata Mangeshkar, na san ta Mohammed Rafi. Wannan ganga aka ɗauka aka kai shagon walda. Yaran nan kayan Turawa suka ara suka yafa, ka kuwa san kayan aro ba ya rufe katara."

Na yi masa godiya, na sauya waƙa. Mai haɗa mana sauti yana ta ƙyaƙyata dariya a bayan gilashi. Ni kuwa har na koma gida maganar tana cina, domin dattijon ya ɗora mini tambayar da ta fi ƙarfin dariya: wanda ya ɗauki gangar kakanninsa ya haɗa ta da ƙarar baƙi, raya ta ya yi, ko amanarta ya ci?

Kafin in ce komai, bari in kwatanta wa mai karatu abin da Baba ya ji. Kiɗan da Turawa ke kira metal, wato ƙarfe, kiɗa ne na jitar lantarki da ake murɗa sautinta har ya yi kauri kamar rugugin injin niƙa, ga ganguna masu bugu da sauri, ga mawaƙin da wani lokaci yakan bar rerawa ya koma gurnani. A birnin Birmingham na Ingila, garin masana'antu, ƙungiyar Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a 1970, kuma da yawa daga nan suke fara ƙirga tarihin wannan kiɗa. Mai jitarsu, Tony Iommi, inji ya datse masa kan yatsu biyu a wata masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17. Daga baya ya sassauta tsirkiyoyin jitarsa don su yi masa sauƙin dannawa, sai sautin ya ƙara nauyi. Ashe da Baba ya ce shagon walda bai kauce sosai ba. Can cikin shekarun 1990 wasu matasan Amurka suka zuba wa kiɗan salon rap, aka kira abin nu metal. Da wannan suna ƴan Bloodywood suka yi wasa, suka haɗa shi da sunan garinsu, suka kira faifan Nu Delhi.

Waƙoƙi takwas ne a faifan, duka duka ɗan abin da ya haura rabin awa. Karan Katiyar ne mai jita, shi ne kuma mai tsara kiɗan. Jayant Bhadula yana rerawa da harsunan gida, yana hawa da murya mai zaƙi sannan ya faɗo cikin gurnani. Raoul Kerr yana jero baitoci da Turanci. A tsakiyarsu ga Sarthak Pahwa rataye da dhol, babbar gangar yankin Punjab mai fuska biyu: ana dukan ɗaya da lanƙwasasshen makaɗi mai kauri ta ba da amo mai zurfi, ana zabga wa ɗayar siririyar tsumagiya ta yi ƙara mai kaifi. Lokaci-lokaci sarewar gora takan ratso ta saman hayaniyar, wani lokaci kuma a ji tumbi, mai tsirkiya ɗaya tal kamar kuntigin Ɗan Maraya Jos. A waƙar Bekhauf sun gayyato Babymetal, ƴan matan Japan masu haɗa siririyar murya da kiɗa mai nauyi, aka rera ta da Hindi da Turanci da Japananci.

To, wannan shi ne kayan da ke cikin tukunya. Ga abin da na fara lura da shi: Indiyar da Baba ke karewa ita ma haɗi ce. Waƙoƙin finafinan da ya tashi da su cike suke da gogen Turawa, ana jera masu goge da yawa a bayan mawaƙi guda. Fim ɗin Disco Dancer na 1982, wanda iyayenmu suka haddace, Bappi Lahiri ya gina kiɗansa kan disko da aka aro daga Amurka da Turai. Baba ya haɗu da wannan haɗin yana saurayi, ya shige masa jini, sai ya zama masa asali. Haka muke duka. Abin da muka tarar an riga an gauraya shi muke kira gado, wanda aka gauraya a gabanmu kuma mu kira shi ɓarna. Algaitar da ake busa wa sarakunanmu, sunanta ma yana nuna ta biyo hanyar Arewacin Afirka. Waƙoƙin finafinan Kano sun sha daga rijiyar Indiya har sun ƙoshi. Mdou Moctar, ɗan ƙasarmu da yau ake yi wa tafi a Turai da Amurka saboda jitarsa, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, da irin muryar inji ta waƙoƙin finafinan Hausa.

Waƙar da ta jawo mini faɗa ita ce ta fi bayyana wannan. Tadka wani mataki ne na girkin Indiyawa: a ɗora mai ko man shanu ya yi zafi rau, a watsa tafarnuwa da busasshen barkono da ƴaƴan kayan ƙamshi, su yi ta tartsatsi, sannan a juye a kan miya. Kirari ne ga abincin ƙasarsu aka yi da kiɗan ƙarfe. Amma shi barkonon da Ba'indiye ke alfahari da shi ba ɗan ƙasa ba ne. Daga nahiyar Amurka ya fito, Turawan Fotugal suka kai shi bayan jiragen Vasco da Gama sun isa gaɓar Indiya a 1498. Yau wa zai ce wa uwar gida a Delhi barkononta kayan aro ne? Ko wa zai ce wa tawa uwar tumatir da tattasan miyarta ba namu ba ne? Hatta kalmar Bekhauf, ma'anarta rashin tsoro, rabinta Farisanci ne, rabinta Larabci, kuma wannan rabin na Larabci shi ne muke da shi a bakinmu idan muka ce babu haufi.

Da a nan na tsaya, da na yi wa Baba rashin adalci. Cewa kowa yana aro bai wanke kowane mai aro ba. Akwai haɗin da cin amana ne, kuma mu ma'aikatan rediyo mun fi kowa saninsa, domin irinsa ake kawo mana kullum. Yaro zai haɗa waƙarsa kacokan a kwamfuta bisa salon waje, sai a daƙiƙa goma na farko ya liƙa ɗan kukan kalangu ko gurmi, don idan Bature ya ji ya ce ga ɗan Afirka. Daga nan kalangu ya ɓace har ƙarshen waƙa. Wannan kalangun bai yi magana ba. An sa masa kaya ne an tsayar da shi a bakin ƙofa yana karɓar baƙi.

Saboda haka ma'aunin da na tsaya a kai, bayan na kwana uku ina maimaita faifan, shi ne wannan: a cire gangar a gani, waƙar za ta tsaya ko za ta faɗi? A Nu Delhi, in ka zare dhol, yawancin waƙoƙin za su rasa ƙafa. Sau da yawa jitar ce ke bin sawun gangar, tana yanke sautinta gutsure-gutsure daidai inda makaɗi ke sauka, har ka ji jikinka yana son tsalle irin na rawar bhangra maimakon kaɗa kai kawai. Kuma kada a manta, dhol ba gangar cikin ɗaki ba ce. Ta filin biki ce, ta girbi, ta dandalin kokawa, kamar yadda makaɗan ƴan kokawarmu ke tayar da tsikar jikin ƙato kafin ya shiga fili. An yi ta ne don a ji ta daga nesa. Wanda ya kai ta inda ake ƙara bai raba ta da halinta ba.

Akwai ma'auni na biyu, wanda a ganina ya fi na farko nauyi: da wa waƙar ke magana, kuma me take faɗa wa gida? Ƴan Bloodywood da wasa suka fara a 2016, suna juya waƙoƙin finafinan Indiya zuwa kiɗan ƙarfe a YouTube don ban dariya. Da sun tsaya a nan, da maganar Baba ta hau kansu. Amma sun wuce nan. A 2018 suka yi Jee Veerey kan ciwon damuwa, suka kuma biya wa wasu masu sauraronsu kuɗin ganawa da masu ba da shawara. A faifansu Rakshak na 2022 akwai Gaddaar, wadda ta caccaki ƴan siyasar da ke raba jama'a da sunan addini don neman ƙuri'a. Akwai Dana Dan, wadda ta tunkari masu fyaɗe gaba da gaba. Waɗannan samari ƴan birnin da a watan Disamba 2012 aka yi wa wata ɗaliba fyaɗen taron dangi a cikin motar bas ne, ta rasu, jama'a suka cika tituna. Irin wannan magana ba a faɗin ta da muryar soyayya a cikin lambun furanni. Mu mun tashi ana koya mana haƙuri da kunya, kuma ina ganin darajarsu. Amma na sha karanta labarin yarinyar da aka lalata a iska da murya mai sanyi, na rufe takarda, na sa talla. Wani lokaci nakan tambayi kaina ko wannan sanyin ladabi ne ko gudun magana.

Duk da haka ban ce babu abin tsoro ba. Manyan filayen da Bloodywood ke cikawa yawancinsu a waje suke: Turai, Amurka, Japan. Tun 2019 suka hau dandalin Wacken a Jamus, ɗaya daga cikin manyan tarukan wannan kiɗa a duniya. Mai sayen kaya yakan gyara hannun mai sana'a ko bai yi niyya ba. Idan baƙo ne ke biya, wata rana za ka iske kana ƙara barkono ba don miyar na so ba, sai don shi yana son ya ga hawaye. Waƙar kirarin abinci da waƙar kirarin gari suna iya zama ƙaunar gida, suna kuma iya zamewa tallar yawon buɗe ido. A wannan faifan, kunnena ya ce mini har yanzu suna ɓangaren farko, domin Delhin da suke wa waƙa ba ta hoton kalanda ba ce, gari ne mai zafi da gwagwarmaya wanda suke so duk da halinsa. Amma amana ba abu ba ne da ake cikawa sau ɗaya a huta. Kowane sabon faifai sai an sake auna shi.

Abu guda kuma na yarda Baba ya fi ni gaskiya a kansa. Akwai abin da ke salwanta. Yaron da ya fara jin dhol a ƙarƙashin jitar lantarki ba zai ji ta yadda manomin Punjab ke jin ta ranar bikin girbi ba. An ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma ba a cika faɗin cewa tsohuwar rawar tana da masu kewarta ba. Kewar Baba halal ce. Inda muka rabu da shi shi ne, shi yana ganin a ajiye gangar inda ya san ta shi ne riƙon amana, ni kuwa ina ganin gangar da aka hana fita tsakar gida tare da masu ita za ta tsufa.

Asabar ta gaba na sake sa Tadka. Wannan karon sai da na yi bayanin dhol da makaɗanta biyu, na roƙi masu sauraro su bar jitar ta yi ta haukanta, su bi gangar kawai da kunne. Waƙar na ƙarewa waya ta yi ƙara.

"Ɗana."

"Na'am, Baba."

"Gangar na ji ta. Yaron ya iya hannu, Allah ya yi masa albarka. Mai ihun nan ne dai ban yafe wa ba."

Na ce masa na karɓi rabin. Sannan na sa masa Mohammed Rafi, domin shi ma yana da haƙƙi a kan shirin.