Fashin Makaranta, Laifin Wa?

A Gwadangaji kusa da Birnin Kebbi, da sauran garuruwan bakin fadamar Rima har zuwa Argungu, sa'ad da shinkafa ta fara nuna sai tsuntsayen jan-baki su sauko mata kamar hadari. In ba a kore su ba, wahalar wata huɗu takan tafi cikin kwana kaɗan. Saboda haka tun da sassafe za ka ga yara a gonaki, wannan da gwangwani, wancan da majajjawa, suna ihu. A daidai wannan sa'a kuwa malam yana cikin aji yana kiran suna. Sunan yaron yana cikin rajista, amma shi kansa yana fadama.

To, ya mai karatu, bari mu yi tunani tare a kan wannan al'amari. A ce ga manomi mai 'ya'ya biyar, ba shi da kuɗin ɗaukar ɗan ƙodago. Ya ce wa ɗansa na aji huɗu ya bar makaranta mako uku ya tsare gona. Mutumin nan ya yi laifi? Gwamnati kuma tana da iko ta tilasa masa ya saki yaron?

Maganar ba sabuwa ba ce. A zamanin En'e akan sa hakimai da dagatai su kawo yara makaranta, iyaye da yawa kuwa sukan ɓoye nasu. A shekarar 1976 Gwamnatin Nijeriya ta soma shirin karatun firamare kyauta ga kowane yaro. Ran 30 ga Satumba 1999 Shugaba Obasanjo ya buɗe wani sabon shiri a Sakkwato, a 2004 kuma aka yi masa doka. Dokar ta ce karatun shekara tara, watau shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne, tilas ne kuma. Uban da ya ƙi, da fari za a ja masa kunne. In ya sāke, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, ko duka biyu. In ya ƙara, naira 5,000 ko wata biyu. Ga abin da hukuma ta rubuta ke nan.

Yanzu sai mu saurari uban, gama ba daidai ba ne a yanke wa mutum shari'a ba a ji bakinsa ba. Zai ce, "Ni nake ciyad da yaron nan. In tsuntsu ya cinye gonar, da me zai karya kumallo, da me zan ɗinka masa rigar makarantar?" Wannan magana tana da nauyi, musamman ga wanda ya ga yadda ambaliyar 2020 ta share gonakin shinkafa a Jihar Kebbi. Zai ƙara da cewa, "Na sake shi jiya, ya dawo ya ce malam bai shiga aji ba." Wani uban kuma zai tuna mana da ran 17 ga Yuni 2021, ranar da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai, har waɗansu 'yan mata suka yi kusan shekara biyu a hannunsu. Wanda ya riƙe ɗansa a gida don yunwa ko don tsoro, ba za mu kira shi maƙiyin ilimi ba.

Amma akwai wanda ba a tambaye shi ba cikin shari'ar nan duka, shi ne yaron. Kwanakin da aka ɗauka nasa ne. Karatu kamar ginin tubali yake, kowane layi yana zaune bisa na ƙarƙashinsa. Yaron da ya yi fashin mako uku ya koma, zai tarar an wuce raba lissafi, an shiga wani abu dabam. Malam ya yi tambaya, ya kasa, 'yan aji su yi dariya. Gobe kunya ta hana shi ɗaga hannu, jibi ya fi son fadama da aji, domin a can ya san abin da yake yi. Haka yara da yawa suke barin makaranta. Ba wanda ya tashi rana ɗaya ya ce sun daina. Fashin ne yake taruwa kaɗan kaɗan, na shuka, na girbi, na ranar kasuwa, na biki, har yaron ya kai aji shida bai iya karanta wasiƙa ba. Yarinya kuwa nata ya fi yawa, gama ban da gona akwai talla da reno da ɗiban ruwa.

A nan ne nake ganin gaskiyar maganar take. Shinkafa in ta lalace bana, akwai noman rani, akwai baɗi. Amma yaro ba ya yin shekara goma sau biyu. Uban da ya ɗauki mako uku na ɗansa, rance ya ci daga wurin wanda ba shi da bakin cewa a'a, wanda kuma ba zai san yawan abin da aka ɗauka ba sai ya girma. Wani lokaci larura takan sa mutum ya ci rance, ba kuwa abin kunya ba ne. Abin da ba shi da kyau shi ne mutum ya ci, ya ce ba bashi ba ne, ai ɗana ne, yadda na ga dama haka zan yi da shi. 'Ya'ya amana ne da Allah ya sa a hannunmu, mai riƙon amana kuwa ba ya kashe ta a kan bukatar kansa ya yi shiru.

Saboda haka na yarda hukuma tana da iko ta tsaya wa yaro, tun da shi ba zai iya tsaya wa kansa ba. Sai dai fa mai tilasawa shi ma akwai bashi a wuyansa. In ka ce wa mutum ya ba ka ɗansa daga safe zuwa azahar, wajibi ne ka ba yaron abin da ya fi gwangwani da majajjawa amfani, ka kuma komo da shi gida lafiya. Waɗansu ƙasashe sun koyi wannan a hankali. A Ingila an mai da zuwa makaranta tilas a 1880, aka sa ma'aikata suna bin gidaje, amma matalauta suka yi ta fama da kuɗin makaranta har aka ɗauke musu shi a 1891. A Meziko an soma wani shiri a 1997, ana ba iyaye mata kuɗi bisa sharaɗin 'ya'yansu su riƙa zuwa aji. A yammacin Kenya waɗansu masu bincike biyu, Miguel da Kremer, suka tarar ba yara maganin tsutsar ciki ya rage fashi da kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan abin lura ne gare mu mutanen bakin ruwa, inda tsargiya da zazzaɓin sauro suke kwantad da yara.

A ƙasarmu ma an bi wannan hanya. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta soma shirin ciyad da 'yan firamare a makaranta. A 2020 aka kawo shirin AGILE da taimakon Bankin Duniya domin 'yan mata su zauna a sakandare, Kebbi kuwa tana cikin jihohi bakwai na fari. Irin waɗannan sun fi tara amfani, gama suna zuwa wurin dalilin fashin. Amma in an fara abu aka tsaya, uba yakan ce an ruɗe shi, kiransa na biyu kuma ya fi na fari wuya. Abin da ya fi kome shi ne malam ya kasance cikin aji. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu tana horad da malamai, amma takardar shaida ba ta koyar da yaro sai mai ita ya zo. Malamin da ya yi fashi ya koya wa yara arba'in fashi a rana ɗaya, bai ko buɗe baki ba. Hukumar da ta jinkirta albashinsa ita ma tana da rabo cikin laifin.

To, 'yan'uwa, mu da muke karanta wannan takarda, mun iya karanta ta ne domin wani ya haƙura da aikinmu a gona sa'ad da muke ƙanana. Me za mu yi? Da fari mu duba gidanmu. Ka san kwana nawa ɗanka ya yi fashi a zangon da ya wuce? Ɗan riƙon da ke gidanka fa, da yarinyar da take taya uwargida aiki? Ka je ka roƙi hedimasta ya nuna maka rajista. In larura ta kama ka dole, kada ka janye yaron a ɓoye. Ka faɗa wa malam, ka yanka kwanakin da kanka, ka sa yayansa ko maƙwabci mai karatu ya bita masa abin da aka yi da dare. Wannan shi ne biyan bashin.

Na biyu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kakanninmu sun san gayya. Maƙwabta huɗu masu gonaki a jere suna iya karɓa-karɓar tsaro da safe, yara su karɓe su bayan an tashi daga makaranta da ranakun hutu. In ka ga ɗan maƙwabcinka a fadama da hantsi, kada ka fara da faɗa. Ka je wurin uban da yamma, ku gaisa, ka tambaye shi abin da ya tsare yaron. Watakila rashin takalmi ne, watakila zazzaɓi, watakila tsoron bulala. Da yawa cikin waɗannan abubuwa ba sai an jira Abuja ba.

Na uku, ku shiga taron iyaye da malamai, ku yi magana da ladabi amma kada ku ɓoye gaskiya. In malam ba ya zuwa, ku faɗa. In rufin aji ya yaye, ku kai kuka ga mai unguwa da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ku koma kuma har a gyara. Uban da ya aiko ɗansa kowace safiya, shi ne yake da bakin tambayar hukuma abin da ta yi da yaron.